Tsadar Rabuwar Aure a Kurmi: Wa Ke Biya?

A wannan mako ina so mu ɗan ajiye zancen farashin albasa da rikicin tasha, mu taɓa wata magana wadda kowa ya san da ita a zangunanmu, amma ba mai son ɗauko ta a bainar jama'a. Maganar kuwa ita ce ta kuɗin da ake kashewa kafin aure ya mutu. Mun daɗe muna kuka da tsadar ɗaura aure. Malamai sun yi wa'azi a kai, waɗansu masarautu har doka suka yi a kan lefe. Amma tsadar kwance shi, ni dai ban taɓa jin an hau mumbari a kanta ba. Dalili kuwa a fili yake. Masu hawa mumbari maza ne, mu kuwa maza kwance aure bai cika cin mana ko kwabo ba.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wani abu da aka yi a gabana a Agege. Wata rana bayan la'asar wani dattijo mai sayar da goro ya roƙe ni in raka shi in zama shaida a wata magana ta 'yar ƙanensa. An auro yarinyar daga wani gari a ƙasar Katsina shekara shida da suka wuce, ta haifi 'ya'ya biyu. Mijin yana da rumfa a kasuwa, ba a ce ba shi da abin hannu ba. Amma shekara biyu ke nan ba ya ba da cefane sai ran da ya ga dama, in ta yi magana kuma hannu ya biyo baya. Ta yi yaji sau uku zuwa gidan wannan baffa nata, sau uku ana mayar da ita da ban haƙuri. A na huɗu ta ce ita kam ta gama.

Da muka zauna, mijin bai yi gardama ba ko kaɗan. Ya ce shi bai ƙi ba, amma sai an biya shi abin da ya kashe. Sai ya zaro takarda daga aljihu ya shiga karantawa. Sadaki naira 80,000. Akwatunan lefe. Kuɗin toshi na shekara guda. Gaisuwar iyaye. Kuɗin motar da ta kawo amarya da 'yan rakiya Ikko. Kuɗin asibiti na haihuwa biyu. Ragunan suna biyu. Wayar hannu. Da ya tattara, abin ya haura naira 600,000.

Dattijon ya dube shi ya ce, "Yaro, har da ragunan suna? Ai 'ya'yanka aka yanka wa."

Ya ce, "Baba, ai daga aljihuna suka fito."

Yarinyar tana bayan labule. Sai muka ji ta ce, "Baffa, ni ba ni da komai sai keken ɗinkina da gadon da aka kawo ni da shi."

Wata bakwai ana wannan ja-in-ja. Daga ƙarshe aka sayar da keken, aka sayar da gadon da 'yan kunnenta, dangi suka yi karo-karo, aka haɗa naira 250,000 aka ba shi, sa'an nan ya rubuta takarda layi biyu. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, a duk cikinmu da muka zauna, har da ni mai wannan rubutu, ba wanda ya tashi ya ce masa wannan kuɗi bai halatta gare shi ba.

Abin da littattafanmu suka ce

To, bari mu koma ga abin da muka karanta tun muna zaure, don kada wani ya ce ra'ayin 'yan boko na kawo. Shari'a ta ba namiji saki a hannunsa, gaskiya ne, amma ba ta ba shi kyauta ba. Wanda ya saki matarsa saki na kome, ciyarwarta da tufafinta da wurin kwananta suna wuyansa har ta gama idda, watau tsarki uku. In tana da ciki, har ta sauka. Ba ya karɓar ko kwabo daga sadakin da ya ba ta. An kuma so ya ba ta kyautar sallama gwargwadon ƙarfinsa, wadda malamai ke kira mutu'a. 'Ya'ya kuwa, a mazhabar Malikiyya da muke bi, uwa ce ke riƙon namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, muddin uwar ba ta auri wani bare ba, kuma uba ne ke biyan cinsu da suturarsu. Wannan shi ne farashin saki a kan namiji. Ku faɗa mini tsakaninku da Allah, cikin maza goma da kuka sani sun yi saki a Sabon Badun ko Idi-Araba, nawa ne suka biya shi? Abin da muka saba gani shi ne a miƙa mata takarda da dare, da safe a kai ta tasha, wani lokaci ma kuɗin motar sai maƙwabta sun haɗa.

Mace kuma tana da ƙofa biyu. Ta farko ita ce kul'i, watau ta fanshi kanta. Asalinsa sananne ne: matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta nuna ba ta ga laifin addinin mijinta ko halinsa ba, zaman ne kurum ba za ta iya ba. Aka umurce ta ta mayar da gonar da ya ba ta sadaki, shi kuma ya sake ta. Gonar kaɗai aka ambata. Ba a lissafa abincin da ta ci a gidansa ba, ba a lissafa tufafin da ta sa suka tsufa ba. Lalle malamanmu sun yarda a yi kul'i da sadaki ko ƙasa da shi ko fiye, in an yi yarjejeniya. Amma sun sa sharaɗi mai nauyi, yana nan cikin Risala wadda kowane almajiri ya sani: in cutarwar miji ce ta sa mace ta nemi fita, to rabuwar ta tabbata, kuma dole ya mayar mata da abin da ya karɓa.

Ƙofa ta biyu ita ce alƙali ya raba auren da kansa saboda cuta, ko rashin ciyarwa, ko doguwar ƙaura. A nan mace ba ta biyan komai. Yarinyar nan ta Agege wannan ƙofa ce tata, da shaidunta da tabon jikinta. Amma ƙofar tana bukatar alƙali. Ga inda gizo ke saƙa ga mu mazauna Kurmi.

Ina alƙalin yake?

A gida, ko a ƙaramin gari, mace ta san hanyar kotu. Ta biya kuɗin sammaci, a kira miji, alƙali ya saurare su da Hausa, ya yi hukunci da littafin da su duka suka yarda da shi. Ban ce babu wahala a can ba, akwai ɗage shari'a, akwai jeka-ka-dawo. Amma dai kotun tana nan.

A nan kuwa ba haka ba ne. Manya za su tuna da rikicin da aka yi a majalisar tsara tsarin mulki a 1978 a kan kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ta tarayya, har wakilai Musulmi da yawa suka fice daga zauren. Abin da aka daidaita a kai, wanda ya shiga tsarin mulkin 1979 kuma yana nan a sashe na 275 na tsarin mulkin 1999, shi ne duk jihar da ke bukata tana iya kafa tata Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Har yau ba wata jihar Kudu da ta kafa. Wadda ta fi kusa da mutumin Ikko ita ce ta Ilori, tafiyar wajen kilomita 300.

Saura me ya rage wa mace? Akwai kotunan gargajiya, irin ta Mapo a Badun da waɗanda ke unguwannin Ikko. Suna raba aure, kuɗinsu ma ba shi da yawa. Amma an kafa su ne domin al'adar mutanen ƙasar, ana magana da Yarbanci ko Turanci, sai da tafinta. Matar da aka kawo daga ƙauye aka sa a kulle, wadda ba ta san ko sunan titinsu ba, yaya za ta kai kanta can? In ma ta kai aka raba, sai ta dawo unguwa ta tarar ana cewa ai har yanzu da igiyar wane a kanta, tun da ba alƙalin Musulunci ne ya warware ba. Ba mai neman aurenta. Ta zama ba ga tsuntsu ba ga tarko.

Akwai kuma majalisun sulhu na Shari'a waɗanda 'yan'uwanmu Musulmin Yarbawa suka kafa da kansu, a babban masallacin Oja'ba na Badun a 2002, da kuma Ikko a wannan shekara. Sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Sai dai ba su da ɗan sanda, ba su da gidan yari. Wanda ya ga dama shi ke zuwa, hukuncinsu kuma sai wanda ya ji tsoron Allah yake bi. Kun kuwa ga irin ce-ce-ku-cen da aka yi a farkon 2025 da aka tashi kafa irinsu a garin Oyo da Ado-Ekiti. Mutanenmu ma da yawa ba su san da su ba.

Don haka mafi yawan mata sai su ɗauki hanyar gida. Daga Ikko zuwa Kano tafiyar wajen kilomita 1,000 ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Mace ba ta tafiya ita kaɗai, sai da ɗan rakiya, ga yara. Kuɗin zuwa da dawowar mutum biyu kaɗai ya isa ya haɗiye sadakin da ake rigima a kansa. In ta isa ta kai ƙara, miji yana nan Kurmi a rumfarsa. A aiko sammaci ya ce bai gani ba. A sake aikowa ya ce kasuwa ta riƙe shi, sai bayan salla. Shaidun da suka ga dukan, su ma suna nan Kurmi, wa zai biya musu mota? Haka za ta zauna gidan iyayenta wata da watanni, ba ta da aure, ba ta da damar yin wani. Da ta ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai ta ce a tambaye shi nawa yake so. Ta haka ne matar da Shari'a ta ba fita kyauta take komawa mai sayen kanta da tsada.

Kada a manta kuma, wadda ta yi kul'i ba ta da ciyarwar idda sai in tana da ciki. Waɗansu mazan ma ba sa tsayawa nan, sai sun sa ta yafe riƙon 'ya'ya ko kuɗin abincinsu kafin su sa hannu. Akwai kuma masu dabara. Shi ne ya gaji da ita, amma ba ya so ya yi asarar abin da ya kashe, sai ya ƙuntata mata da gangan har ita ta buɗe baki ta nemi rabuwa, kuɗin da ta biya kuma ya kai gidan wata. Wannan Alƙur'ani ya hana shi ƙarara a cikin Suratun Nisa'i. Mai yin haka ya sani haram ya ci, ko da dattawa ashirin ne suka shaida.

Masu auren rajista

Akwai wata tsadar kuma da ke jiran 'ya'yanmu da aka haifa a nan, musamman ma'aikata da masu neman fita waje. Bayan an shafa fatiha a masallaci sai su tafi Ikoyi ko ofishin ƙaramar hukuma su yi auren rajista, don wurin aiki ko ofishin jakadanci ya nemi takarda. Ba laifi ba ne mutum ya nemi takarda, amma ya san abin da ya sa wa hannu. Wannan aure yana ƙarƙashin dokar rabuwar aure ta 1970. Furucin baki ba ya kashe shi, ko sau nawa aka faɗa. Babbar kotun jiha kaɗai ke raba shi, can kuwa da wuya a yi ba lauya. Ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara 2 sai da izinin kotu na musamman. Dole a tabbatar wa mai shari'a aure ya lalace yadda ba ya gyaruwa, ta hanyar ɗaya daga cikin dalilan da dokar ta jera, kamar zaman rabe na shekara 2 in ɗayan bai yi jayayya ba, ko shekara 3 in ya yi. Bayan hukunci ma sai an jira wata 3 kafin ya tabbata. Namijin da ya yi irin wannan aure kuma ya ƙara mata alhali na farko yana nan, ya taka doka, hukuncinsa har da ɗauri. A nan kam namiji ma yana ɗanɗana abin da mata suka daɗe suna sha. Na san wanda ya saki matarsa da baki shekara huɗu da suka wuce, har yau a takardar gwamnati matarsa ce, kuɗin lauya kuma ya ninka na lefensa.

Na san wani zai ce, to mai rubutu, duk laifin na maza ne? A'a. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai ɗan dako ko mai shayi da ya shekara biyar yana tara taro da sisi, yana kwana a rumfa, ya yi aure, kafin wata shida uwar yarinya ta ga wani mai kuɗi ta zuga ta ta fito. Irin wannan bawan Allah in ya ce a mayar masa da sadakinsa da kayan da ba a taɓa ba, ya yi gaskiya, Shari'a ma tana bayansa, don kul'i domin irin wannan aka yi shi. Wani kuma zai ce in aka sauƙaƙa wa mata fita, aure zai riƙa mutuwa kamar kaji. Amsata ita ce, ai ƙofar da ta fi kashe aure a cikinmu ita ce ta maza, wadda take a buɗe ba ko ƙyaure. Yawan zawarawan da ya sa gwamnatin Kano ta fara aurar da su a taro a 2012, har ta aurar da mata 1,800 a rana ɗaya a 2023, ba kul'i ne ya tara su ba. In ana so saki ya ragu, a sa wa mai saki ya biya abin da Allah ya ɗora masa, za a ga ya yi tunani sau biyu kafin ya nemi alƙalami.

Abin da ke hannunmu

Ba sai mun jira gwamnatin Ikko ko ta Oyo ba. Malaman mazhabarmu sun riga sun yi maganar wurin da babu alƙali. Yana cikin Muhtasar na Shehu Halilu, wajen maganar matar da mijinta ya ɓace, cewa in ba ta sami alƙali ko mai mulki ba, sai ta kai kukanta ga jama'ar Musulmi, su tsaya a matsayinsa. To, mu ne jama'ar Musulmin. Sabon Badun tun 1916 take, da sarkinta da limamanta. Haka Agege da Shagamu da Abekuta da Anaca da Fatakwal, ko'ina akwai Sarkin Hausawa da limamin Juma'a da malaman da suka sauke littattafai. Tun da can su ke sasanta rikicin shanu da na goro na dubban nairori, maganarsu kuma ta zauna. Me ya sa in aka zo kan aure sai abin ya tsaya a "ki yi haƙuri"?

Shawarata ga sarakunanmu ita ce, kowane zango ya tsayar da majalisa ta malamai uku ko biyar masu sanin fiƙihu, da rana sananniya a mako, wadda mace za ta iya zuwa ba da ko kwabo ba. A sa dattijuwa ɗaya ko biyu da za su fara sauraronta, don akwai abin da mace ba ta iya faɗa a gaban maza. In an tabbatar da cuta, a raba ba da biya ba. In ba cuta, a tsaya kan sadaki, a daina karɓar takardar ragon suna da kuɗin asibiti. Wanda aka kira ya ƙi zuwa, ai mun san inda rumfarsa take, mun san shugaban kasuwarsa da mai gidan da ya saukar da shi. Mutumin da ba ya tsoron sammacin Katsina yana tsoron ranar da za a ce kada a ba shi kaya bashi.

Na biyu, a riƙa rubuta aure. Kowane masallaci da ake ɗaura aure ya ajiye littafi, a rubuta sadaki nawa ne, an biya ko ajalan ne, wane ne waliyyi, su wane ne shaidu, a ba miji takarda a ba mata. Rabin rigimar da na gani a kan kul'i daga nan take tasowa, miji ya ce kaza ya bayar, dangin mata su ce ba haka ba. Haka kuma saki, a rubuta shi a gaban liman, a rubuta ranar da idda ta fara, da abin da uba zai riƙa bayarwa na yara kowane wata.

Na uku, ga iyaye na can gida, don na san wannan shafi yana isa hannunsu. Kafin ku ɗora 'yarku a mota zuwa Kurmi, ku tambaya wa take da shi a can. Ku wakilta wani dattijo sananne a garin da za ta zauna, ku gaya wa mijin a gaban shaidu cewa wannan shi ne ubanta a can. Yarinyar Agege da ba ta da baffa mai goro, da har yanzu tana cikin ɗakin nan.

Na huɗu, ga limamanmu. Ranar ɗaurin aure kowa yana nan, an cika masallaci har waje. A ɗauki minti biyar a gaya wa ango abin da ke kansa in ya saki, a gaya wa waliyyi abin da 'yarsa take da shi in an cuce ta. Da yawa daga cikin masu karɓar kuɗin nan jahilci ne ke ɗawainiya da su, sun ɗauka hakkinsu ne.

Yarinyar nan tana gidan baffanta yanzu, tana ɗinki da keken haya, tana tara kuɗin sayen wani. Da na je gaishe su ran nan, dattijon ya ce mini, "Malam, da mun san abin da littafi ya ce, da ba mu sayar da keken nan ba." Na ce masa, "Baba, wasunmu mun sani, shiru muka yi." Allah ya yafe mana wannan shiru, ya ba shugabanninmu ikon tsayawa a kan gaskiya, ya zaunar da gidajenmu lafiya. Wanda kuma zama ya ƙi, Allah ya sa a rabu da mutunci.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.